Kyauta Mai Hantsaki da Idon Surukata

A Tungar Dogo, wani ƙauye da ke bayan Alela, in ka ce kana neman Kyauta za a tambaye ka wacce, don su uku ne. In ka ce mai hantsaki, kowa zai nuna maka gidan. Gajeruwa ce, baƙa, ta haura sittin, kullum tana sauri kamar ta bar tukunya a wuta. A wuyanta akwai igiyar fata, abin da ke rataye jikin igiyar kuma ba laya ba ce, ɗan hantsaki ne da wani maƙerin Ilela ya ƙera wa uwarta tun ba a haife ni ba. Ni sunana Badamasi. Ina tuƙa motar siminti daga Malbaza, gidana yana Birnin Konni, abin da ya haɗa ni da ƙauyen kuwa aure ne, can na auro Rashida shekara goma sha huɗu da suka wuce. Ba na cikin masu saurin yabon mutum. Matata ma takan ce in na ci abinci na ce ba laifi, to ranar sallarta ce. Amma Kyauta zan yabe ta, ko da yake ita ce mace ɗaya tak da ta taɓa wanke ni tas a gaban jama'a, na kuma tsaya na saurara har ta gama.

Wanda bai zauna ƙauyukanmu ba sai an yi masa bayanin aikin hantsaki. Akwai ciwon ido da ake kira amodari. Yana kama mutum tun yana ƙarami, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, har fatar ido ta tsuke daga ciki ta lanƙwashe, gashin ido ya juya yana gogar ƙwayar. Duk ƙiftawa suka ce. Mata ya fi damu, su da ke fama da yara da hayaƙi. In aka bar shi, ƙwayar ta yi fari, shi ke nan an rabu da gani. Kafin a san da aikin likita, abin da ake da shi kawai a tsige gashin, ya sake tsirowa bayan mako biyu ko uku, a sake tsigewa.

Uwar Kyauta ita ke tsige wa matan garin, sai ciwon ya kama ta ita ma, kuma mai tsige wa mutane ba ta iya tsige wa kanta. Kyauta tana da shekara tara aka damƙa mata hantsakin, uwar ta kwanta ta ɗora kai a cinyarta ta ce ta cire. Ta taɓa gaya mini ranar sai da ta haɗa da fata, uwar ta ce ta ci gaba. Duk da haka uwar ta makance, kuma Kyauta ce ta ja mata sanda shekara shida. Daga baya ta yi aure, ta haifi maza uku, biyu suka rayu, suna can Kwatano suna neman abinci. Mijin ya rasu, ta zauna gidanta da awaki huɗu da gonar wake. Kowace safiyar Juma'a mata sukan jeru gindin dogon yaron da ke ƙofar gidanta, ta shimfiɗa tabarma inda haske ya fi, kowace ta kwanta ta ɗora kai a cinyarta. Ta fi shekara arba'in tana wannan, ba ta taɓa neman komai a hannun kowa ba, in an kawo goro ta karɓa.

Da aka fara aikin fatar ido a likitar Alela, wato asibitin garin, inda ake tsaga fatar a juyo da gashin waje a ɗinke, mutane sun zaci Kyauta za ta ji haushi, tunda an zo raba ta da abin da aka san ta da shi. Ita kuwa sai ta ɗaura zane ta bi mace ta farko da ta yarda, ta zauna bakin ƙofa ta hana majo sakat da tambaya. Majo, wato babban ma'aikacin likitar, Almustafa sunansa, mutum ne mai haƙuri, amma ya ce mini ranar sai da ya ji kamar ya haura katanga ya gudu. Don me zare uku? Yaushe za a cire? In ya kumbura fa? Ta haddace amsoshin duka. Abin da ta gane tun ranar shi ne aikin kansa bai kai rabin awa ba, amma a kwanakin da ke biye ne ido ke tsira ko ya lalace, a gida, inda babu majo. Matar ƙauye in ta dawo daga likita da la'asar, kafin rana ta faɗi tana gaban murhu.

Sai Kyauta ta share ɗakin marigayi mijinta ta mai da shi wurin jinya. Duk wadda aka yi wa aiki can take sauka. Washegari Kyauta ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta cire bandeji yadda majo ya nuna mata, ta goge idon da ruwan da aka tafasa ya huce, ta sa man ido safe da yamma. Ta kori ƙuda, ta kori hayaƙi, ta kori masu kawo kwalli da nonon mai jego da sauran magungunan da kowa ke rantsuwa a kansu. Tana da igiya da take yi wa ƙulli ɗaya kowace safiya, in ƙulli ya kai takwas ta sa a ɗaura amalanke a koma a cire zare. A faɗarta, mata ashirin da bakwai suka kwana ɗakin nan kafin surukata, kuma ba wadda idonta ya lalace.

Surukata Tabawa ƙawarta ce tun suna 'yan mata. Idon hagu ya daɗe da tafiya, na dama kaɗai ya rage, shi ma kullum a runtse yake ƙarƙashin mayafi, yana zubar da ruwa. Shekara uku Kyauta tana lallashinta ta je a yi mata aiki, ita kuma tana cewa mai ido guda ba ya kai shi gaban wuƙa. Da ƙyar ta yarda. Sai Allah ya sa makon da majo ya aiko cewa kayan aiki sun iso, za a yi ran Alhamis, daga nan kuma sai bayan kaka, Kyauta ba ta gari. Wanta ya rasu wajen Dogon Dutsi ta tafi zaman makoki. Ɗan Tabawa namiji, Alkasum, yana Agadas. Rashida tana da cikin wata takwas, hanyar ba ta mai ciki ba ce. Abin ya faɗo kaina.

A nan sai na faɗi yadda nake da surukata. Shekara goma sha huɗu ban taɓa kallon fuskar matar nan ba, ita ma ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In ta so ambatona sai ta ce uban Muhsin, wato ɗanmu na fari, shi ma a bayan idona. In na je gaisuwa nakan tuɓe takalmi tun daga zaure, in durƙusa bayan dangar kara in gaishe ta, ta amsa daga cikin ɗaki, in tashi. In muka yi kiciɓis a hanya ta ratse cikin gona, ni ma in ratse ɗaya gefen. An taɓa yi tana tsaye cikin geron wani, ni cikin dawar wani, kowa na jiran ɗayan ya wuce, har rana ta fara zafi. Ana yabona da wannan kunyar a garin, ni ma ina jin daɗin yabon ƙwarai.

Ran Alhamis Tabawa ta hau amalanken maƙwabci tare da wata maƙwabciyarta, Ladi, ni kuma na biyo su da moto, wato babur, daga nesa. Da aka gama aikin majo ya leƙo ya ce wa ya kawo ta. Ladi ta nuna ni, ta ce ga wanda ya yi lakwal can, wato mai karatun boko. Ya ja ni gefe ya ce tsohuwar tsoro ya hana ta jin komai, don haka ni zai gaya wa. Gobe da safe a cire bandeji. A wanke hannu, a goge idon da tafasasshen ruwa, a sa man ido safe da yamma. Ba hayaƙi, ba kwalli. Kwana takwas a dawo a cire zare, in kuwa ya kumbura kada a jira. Ya rubuta a takarda, ya haɗa mini da man idon cikin leda, ya ce in gaya mata da bakina, in kuma maimaita. Na ce to.

Da muka isa ƙauyen ta shige ɗakinta, ni na durƙusa bayan danga inda na saba, leda a hannu. Maganar tana bakina, na ma shirya ta tun a hanya. Amma in buɗe baki in ce wa surukata ta wanke fuska, in yi mata zancen idonta da jikinta, in ba ta umarni kamar wata ƙanwata, sai na ji harshena ya yi nauyi. Na duba Ladi ta tafi ba da awakinta ruwa. Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Na ajiye ledar gindin danga, na ce wa raina Rashida za ta kira ta gaya mata, na tashi. Ina isa Konni aka ce in je Malbaza in ɗauki kaya zuwa Yamai. Ina ɗaure jaka nake ce wa Rashida ta kira ta ce Inna ta kula da idon, iyakar abin da na faɗa ke nan. Ba zan ɗora wa Rashida ba, ba zan ɗora wa waya ba. Ni aka gaya wa, ni na yi shiru.

Ran Litinin da hantsi, ina shigowa Konni, wayata ta yi ƙara da lambar da ban sani ba. Muryar Kyauta ce. Ba sallama, ba gaisuwa.

"Kai na direba? In kana da ƙahwa, taho yanzu."

Na bar mota na hau moto. Ina isa ƙauyen ta tare ni ƙofar masallaci ana fitowa daga azahar, ta zaɓi wurin da ya fi mutane, na tabbata da gangan ta yi. Da safen ranar ta dawo daga makoki, ko gidanta ba ta shiga ba ta wuce wurin Tabawa. Ta iske ta gaban murhu tana tuƙa tuwo, bandejin ran Alhamis yana nan a idon, ya yi baƙi da hayaƙi da zufa, ya manne. Man idon kuwa ko buɗe shi ba a yi ba, yana cikin kwalla tare da zanenta na fita, don abin da suruki ya kawo ba a yi masa gaggawa. Da ƙaiƙayi ya dame ta sai ta ɗaga gefen bandejin ta zizara kwalli da tsinken da mata huɗu ke amfani da shi, tunda kowa ya san kwalli yana sanyaya ido. Fatar ta kumbura ta rufe ƙwayar, tana fid da mugunya.

"Majo ya hwaɗa maka ko bai hwaɗa maka ba?" in ji Kyauta.

"Ya hwaɗa, Inna."

"Mi yac ce?"

Na jero mata duka, ban bar ko ɗaya ba, don har lokacin suna kaina.

"To madalla. Duk wagga magana tana bakinka, kat tahi da ita Yamai, kad dawo da ita. Siminti ta, da za ka yi ta yawo da ita cikin mota?"

"Inna, kunya ta hana ni."

"Kunya." Ta matso har sai da na ja baya. "Ido guda gare ta, Badamasi. In yat tahi, kunyakka za ta ja mata sanda? Ni na ja sanda shekara shidda, na san nauyinta. Kai ba ka sani ba."

Wani dattijo ya so ya cece ni, ya ce ai mutumin kirki ne mai ladabi, ba a samun irinsa yanzu. Ta juya ta ce masa ya je ya leƙa ya ga abin da ladabin ya tara cikin idon matar, sannan ya dawo ya ƙarasa yabon. Ni kuwa ban taɓa jin ƙasƙanci irin na ranar ba, kuma ban ji haushinta ba ko kaɗan, don kalma ɗaya ba ta ƙara a kan gaskiya ba.

An yi ruwa kwana biyu kafin nan, fadamar da ke tsakanin ƙauyen da Alela ta zama laka, amalanke ba zai kai ba kafin majo ya tashi. Sai moto, kuma nawa kaɗai ke garin, sauran sun tafi kasuwa. Da aka gaya wa Tabawa, ina ji daga bayan danga ta ce ita ta hau bayan surukinta, gara idon ya tafi. Ta faɗa ne da gaske, na san ta.

"Ba bayanai za ki hau ba," in ji Kyauta. "Bayana za ki hau. Ni ka hawa bayanai. Ni ban aurad da ɗiya ba, duk ƙasag ga ba ni da surukin da ni ka jin kunya. Tashi."

Abin da ban sani ba sai daga baya, Kyauta ba ta taɓa hawa moto ba tun da aka haife ta. Tsoronsa take, ko Dogon Dutsi sai da ta taka da ƙafa zuwa bakin kwalta ta shiga mota. Ranar ta tattare zane ta hau ta zauna tsakaninmu, Tabawa ta riƙe ta, ita ta riƙe ni. Duk ramin da na faɗa sai ta ambaci Allah ta ƙara damƙar rigata, kafin mu kai ta yage mini ita daga kafaɗa. Cikin lakar sau biyu muna sauka ina tura moto, tana riƙe da hannun Tabawa tana gaya mata inda za ta sa ƙafa. Ba ta ce a tsaya a huta ba ko sau ɗaya.

Majo ya jiƙa abin da ya manne, ya wanke, ya ɗaga fatar a hankali ya haska da fitila, ya daɗe yana dubawa. Ya ce ciwon ya ci fatar, ƙwayar ma ta yi ja, ba zai ce mana komai ba tukuna. Ya ba da ƙwayoyin sha, ya ce zaren ya zauna har Litinin mai zuwa, ran nan za a san inda aka tsaya. Ya dube ni, bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi.

Muka dawo Kyauta ta shigar da Tabawa ɗakin jinya. Ina shirin sulalewa ta kira ni.

"Ka durƙusa yadda kas saba, bayan zana. Amma yau ka hwaɗi maganad da anka aiko ka da ita."

Na ce ai yanzu tana hannunta, ta fi ni sanin komai. Ta ce ba ta tambaye ni wanda ya fi sani ba, saƙo ne aka ba ni, ban isar ba. Na durƙusa. Muryata tana rawa, ni da ke daka wa 'yan lodi tsawa a Malbaza. Na ce Inna, majo ya ce a wanke hannu kafin a taɓa idon. Na ce a sa mai safe da yamma, ba hayaƙi, ba kwalli. Na ce laifina ne da ban faɗa ba tun ran Alhamis, ta yafe mini. Can na ji Tabawa ta ce wa Kyauta a hankali, "Ki ce mishi na ji." Har yau haka Kyauta ke yi wa duk namijin da ya rako mace daga likita, miji ne ko ɗa ko suruki, ba ya barin gidan sai ya jero dokokin da bakinsa matar tana ji. A garin ana ce wa abin karatun Badamasi, kuma ba yadda na iya.

Na nemi hutu wurin aiki, na bar Rashida da mahaifiyata, na riƙa zuwa kullum. Kyauta ba ta bar ni na zauna ba. Ta sa na ɗauke murhunta na mai da shi bayan gida inda iska ke kwashe hayaƙi, na jawo ruwa, na faso itace. Ita kuma tana kan idon. Ta yanke farcenta har ƙasa. Tana tafasa ƙyallen da za ta goge da shi, kowace shafa da sabon gefe, ba ta komawa inda ta riga ta shafa. In za ta sa mai sai ta ɗora kan Tabawa a cinyarta kamar zamanin hantsaki, tana yi tana zolayarta da samarin da suka yi ta kora suna 'yan mata, don kada ta motsa. Da rana ta zauna da mafici tana korar ƙuda, wakenta na can gona yana jiran a cire masa ciyawa.

Masu dubiya su ne babban aiki, don ba mai zuwa hannu sake, kowace da maganinta. Ran Laraba wata hajiya ta zo, matar mai gari, babba ce da ba a mai da mata kyauta. Ta kwance gefen zane ta fid da kwallin da ta zo da shi daga Makka, ta ce a sa wa Tabawa yanzu ta gani, shi ne ƙarshen ciwon. Na ga Tabawa ta fara gyara zama don ta karɓa. Kyauta ta riga ta miƙa hannu biyu, ta yi godiya, ta yi addu'a, ta ce albarka irin wannan ai mai jinya ke fara ɗauka ta ajiye wa majinyaciya har ta warke. Nan take ta rangaɗa shi a nata idanun, ta cika har ya zubo, ita da ban taɓa gani da kwalli ba. Hajiya ta tafi tana murna. Kyauta ta ɓoye sauran cikin rumbu, ta je ta wanke hannu da sabulu sau biyu.

Ran Alhamis kumburin ya ƙaru maimakon ya ragu. Na zagaya bayan gida da itace na iske ta tsugune wajen turken awaki, tana riƙe da igiyar ƙulle-ƙullenta, tana hawaye. Ba ta ɓoye ba da ta gan ni.

"Shekara ukku ina lallashinta," ta ce. "Da hantsaki tana gani ko kaɗan na. In idon ga yal lalace, ni nik kai ta."

Na ce a'a Inna, ni ne. Ta ce ba rabon laifi ta kira ni ba, in ajiye itacen in je in ƙaro ruwa. Ta tashi ta goge fuska ta koma ɗakin tana dariya tun daga ƙofa, don kada Tabawa ta ji komai a muryarta. A lokacin ne na san ina girmama matar nan fiye da mutane da yawa da na taɓa durƙusa wa. Ran Juma'a da safe mugunyar ta tsaya. Ran Asabar fatar ta saɓe har ana ganin zaren uku a jere.

Litinin muka sake hawa mu uku, Kyauta a tsakiya, wannan karon na sa tsohuwar riga. Ina waje ina kallon takalmana majo ya cire zaren. Da ya kira ni ya ce fatar ta zauna daidai, gashin duk yana kallon waje. Ciwon ya bar ɗan tabo fari a gefen ƙwayar, amma bai hau tsakiya ba, da an ƙara kwana biyu da wata magana ake yi. A ci gaba da sa mai, a dawo bayan wata uku ya duba ko wani gashi ya sake juyawa. Ya sa ni na maimaita, yana murmushi, ashe labari ya riga ya iso masa. Kyauta kuwa ba ta tsaya ga maganar majo ba. Ta kama haɓar Tabawa ta juya ta wajen haske, ta duba da kanta gashi ɗaya ɗaya, sannan ta mai da hantsakin cikin riga.

A hanyar dawowa lakar ta bushe, ina ta sauri in kai su kafin rana ta take. Gero ya fid da kai hagu da dama, ya fi mutum tsawo. A madubi na hango Tabawa ta zame mayafin da ta yi shekaru tana rufe fuska da shi, ta ɗaga kai, idon a buɗe tar cikin hasken rana, ba ruwa, ba runtsewa. Na yi maza na kau da kai, don wannan ne karo na farko da na ga fuskarta. Sai na ji ta ce wa Kyauta, "Ki ce mishi shi rage gudu, ina son in ga hatsi."

"Ni na gaji da ɗaukas saƙo tsakaninku," in ji Kyauta. "Saƙo yak kusa cin idonki. Ga shi nan gabanki, kunnuwa gare shi."

Muka yi tafiya mai ɗan nisa. Na ɗauka maganar ta mutu ke nan. Can na ji muryar surukata ta tsallako kafaɗar Kyauta, ƙasa ƙasa, tana rawa kamar yadda tawa ta yi bayan zana.

"Uban Muhsin, rage gudu."

Na ce, "To, Inna." Na rage har mai tafiya da ƙafa zai iya riskarmu, kuma haka muka tafi har Tungar Dogo.